Baba Daidai da Da'irar da Ta Zama Ƙwai

A layin da masu fotokwafi da masu buga katin biki suka yi sahu, akwai wani ɗan shago tsakanin mai gyaran agogo da mai sayar da tawadar firinta. In mutum biyu suka shiga, na ukun sai dai ya yi magana daga bakin ƙofa. Nan Baba Daidai yake yin hatimi, yau shekara talatin da takwas. Hatimin roba nake nufi, wanda ake dangwala wa tawada a buga a ƙasan takarda: na makaranta, na kemis, na ƙungiyar direbobi, na duk wanda yake son takardarsa ta yi kwarjini.

Sunan ba na yanka ba ne, bakinsa ne ya jawo masa. In ya gama hatimi sai ya buga shi a farar takarda, ya ɗaga ta saitin hasken ƙofa, ya kanne ido ɗaya, ya ce "daidai", sannan ya miƙa wa mai shi. In kalmar nan ba ta fito ba, ko birgima za ka yi a ƙasa ba zai ba ka kayanka ba, sai ya sake. Mai gyaran agogo, wanda katako ne kawai ya raba shagunansu, yakan ce da kalmar yake sanin maƙwabcinsa na nan da rai.

Sana'ar gado ce. Mahaifinsa da reza da ɗan tsinken ƙarfe yake sassaƙa haruffa a jikin roba, a juye, kuma shi ya koya masa cewa ma'auni ɗan aike ne kawai, ido shi ne alƙali. Abin da ya bar masa na gado bai wuce wani zoben tagulla ba, faɗinsa milimita arba'in, wanda tsohon yake ɗorawa a kan roba ya zana da'ira. Amma akwai wani gadon da Baba Daidai ba ya son tunawa. Tsohon yana da shekara sittin da biyu idonsa ya fara yi masa ƙarya, miƙaƙƙen layi ya riƙa ganinsa a lanƙwashe, shi kuwa ya ƙi yarda. Mutane sai su karɓi hatimi a karkace, su yi godiya, su zagayo ta baya su ba ɗan ya sake musu a ɓoye. Shekara biyu ana wannan rufa-rufar. Ranar da tsohon ya gane, bai yi faɗa ba, ya ɗauki hularsa ya fita, kuma bai sake taka shagon ba har ya koma ga Mahaliccinsa. Tun ranar Baba Daidai ya yi wa kansa alkawari: duk ranar da idonsa ya yi masa ƙarya, da hannunsa zai sauke allon sunan shagon, ba zai zauna ana tausaya masa ba. Da muguwar rawa gara ƙin tashi.

Bana shi ma ya cika sittin da biyu.

Kada a ɗauka mutumin ɗan ƙin zamani ne. Da aka daina sassaƙa da hannu ya sayi laftof da ɗan injin da ke ƙona roba da haske, ya koya, ya iya. Sai dai lambobin da kwamfuta ke nunawa a gefen zane, masu faɗin tsawo kaza faɗi kaza, ko kallo ba su ishe shi ba. Ya ja da maus, ya kanne ido, in ta yi masa ta yi.

Hali ɗaya gare shi da ya gagari kowa a gidansa: ba ya amfani da sabon abu muddin tsohon yana numfashi. Durowar ƙasa ta teburinsa kabarin sababbin kaya ce. Akwai takalmi a ciki da bai taɓa ganin ƙasa ba, akwai almakashi a cikin ledarsa, akwai tocila da batirinta ya mutu ba a taɓa kunna ta ba. Matarsa, wadda kowa har shi yake kira Inna, ta yi mita har ta gaji. Hali zanen dutse.

Auta, 'yarsu ta ƙarshe, ma'aikaciyar jinya ce a wani gari mai nisa, can take da mijinta. Wani zuwa da ta yi ta tarar da uban ya duƙa a kan ɗan allon laftof, hancinsa kamar zai taɓa gilashin, abin ya tsaya mata a rai. Bayan wata biyu sai ga direba ya sauke wani dogon kwali a ƙofar shago. Allon kwamfuta ne, amma irin mai faɗin nan, ya kusa cinye teburin daga wannan gefe zuwa wancan, har da ɗan lanƙwasa kamar yana son rungumar mutum. Mai gyaran agogo ya leƙo ya tambaya ko gidan kallon ƙwallo za a buɗe, a ajiye masa kujerar gaba.

Ta waya Auta ta yi masa jagora. Ta ce akwai kebul a cikin kwalin, ya jona shi daga allon zuwa laftof. Ta nuna masa yadda zai sa hoto ya koma babban allo kaɗai, ƙaramin ya huta. Ta kuma ja masa kunne kada ya kuskura ya taɓa fuskar allon da komai, ko da yatsa. Ya ce to. Ya ciro kebul ɗin, sabo fil a ledarsa, mai kauri, baƙi sil, ya juya shi ya sake juyawa, ya ji tausayinsa. Ina dalilin ɓarnatar da wannan alhali ga tsohon kebul na talabijin nan, ga kuma 'yar adaftar da ya daɗe yana haɗa shi da laftof da ita? Sabon ya bi sahun takalmi a durowa. Tsohon kebul ya shiga, allo ya kawo, hoto ya cika shi daga gefe zuwa gefe. Haruffan sun yi ƙiba, sun ɗan yi dishi-dishi, ya ce ai haka babban abu yake.

Aikin farko da ya faɗo shi ne na shugabar wata makarantar firamare, tsohuwar mai hulɗa da shi. Hatimi take so zagayayye, sunan makaranta a kewaye, bishiya da buɗaɗɗen littafi a tsakiya. Ya zana da'ira, ya duba, sai ya ga ƙwai kwance. Ya ce hannu ne ya goce. Ya kama gefenta ya matso, ya matso, har ta yi masa zagaye sumul a ido. Bishiyar ma ya ga ta baje, ya tsuke ta. Ya tura wa inji, inji ya yi ƙaurinsa na ƙonanniyar roba ya gama. Ya dangwala tawada, ya buga, ya ɗaga takarda saitin ƙofa.

Ƙwai ne, a tsaye, da wata siririyar bishiya a ciki kamar wadda fari ya kama.

Ya sake, ya kuma sakewa, roba uku ta tafi a banza. Sai ya ce inji ne, ya kira mai gyara. Mai gyaran ya zo a gaggauce, babur ɗinsa ko kashewa bai yi ba, ya jona tasa kwamfutar da injin, ya yanka da'irar gwaji. Baba Daidai ya ɗora zoben mahaifinsa a kai, ta zauna cif. Mutumin yana naɗe kayansa ya jefo maganar da ta fi dutse nauyi, kuma wallahi ba da mugunta ya faɗa ba.

"Baba, inji lafiyarsa ƙalau. Ko dai a je a duba ido?"

Da ya tafi, Baba Daidai ya turo ƙofa, ya yi abin da bai taɓa yi ba a rayuwarsa: ya rubuta wa kwamfuta arba'in a tsawo, arba'in a faɗi, ya bar ta ta zana da kanta. Ya duba allo, ƙwai kwance. Ya yanka a haka, ta fito zagayayya, zoben ya shaida. Abin da yake zagaye shi yana ganinsa ƙwai, abin da ya gani zagaye ƙwai ne. Haka na mahaifinsa ya fara, kuma a wannan shekarar.

To, ni da kai da muke zaune a inuwa za mu ce, haba Baba, ai a takarda kana ganin komai yadda yake, me ya sa ba ka zargi allon ba? Ya za a yi ya zarge shi? Sabo ne dal, 'yarsa ce ta saya da guminta, kuma a saninsa sabon abu ba ya ƙarya, tsoho ne ke lalacewa, tsoho kuwa a shagon nan shi ne. Ya gaya wa kansa cewa ciwon zuwa yake yana tafiya, haske ne ke tayar da shi. Da ya kira mai gyaran agogo ya ce zo ka duba min wannan, da magana ta ƙare a minti ɗaya. Amma kiran nan daidai yake da shela, shi kuwa ya san yadda tausayin mutane yake ɗaci. Maimakon haka ma sai ya karkata allon yadda na bakin ƙofa ba zai ga fuskarsa ba. Wanda maciji ya sara, in ya ga tsumma ma gudu yake.

Mako uku ya yi yana aiki da lambobi kamar makaho da sanda. Hatiman rubutu zalla suna fitowa lafiya, masu su na karɓa, amma a shiru yake miƙa musu, don ba zai shaidi abin da ba idonsa ne ya yanke ba. Na shugabar makaranta kuwa ya gagara, domin zanen bishiya ba aikin lamba ba ne. Ta zo sau biyu ya ce ta ƙara haƙuri. Mai gyaran agogo ya ƙwanƙwasa katako wata rana ya tambaya ko an sayar da kalmar ne, kwana biyu bai ji ta ba. Baba Daidai ya yi dariyar yaƙe ya ce mura ce. Abinci ma ya rage ci. Yakan tsaya a ƙofar shago ya ƙura wa tayar mota ido, ko murfin kwalba, yana gwada kansa, in ya ga sun yi zagaye ya ce yau da sauƙi, in ya koma gaban allo zuciyarsa ta sake faɗuwa.

Inna kuwa tata duniyar daban take ciki. Duk Laraba takan kawo masa abincin rana shago, su kira Auta ta bidiyo a babban allo. Larabar farko tana ganin 'yarta ta dafe ƙirji. Yarinyar da tun tana goye ba ta taɓa yin kumatu ba, ga fuska ta cika ta yi faɗi, har wuya ya cike. Inna ba ta ce komai ba a gaban Auta, don irin wannan ba a tambaya, amma ana kashewa ta matso ta raɗa wa mijinta cewa ita fa ta haifi biyar, ta san abin da ta gani, shekara biyu da aure ai lokaci ya yi. Ta kuma hango kanta a ɗan hoton da ke kusurwa, ta yi tsaki ta ce ita ma ta yi ƙiba, daga yau ta bar sukari. Baba Daidai shi ma ya ga fuskar da faɗi, amma da ya ji Inna ta faɗa sai ya ɗan ji sanyi, ya ce a ransa to wannan dai na gani daidai. Inna ta sayo zaren ulu ta fara saƙa 'yar hula a ɓoye.

Da Auta ta ce za ta zo ranar Asabar, ya yanke shawara. Zai gaya musu su biyun a tare, sau ɗaya, sannan ya sauke allon sunan shago kafin rana ta faɗi. Ya aro tsani a wajen mai gyaran agogo ya jingina a bayan ƙofa, ya sa sukundireba a aljihu. Tashar mota ba ta da nisa da layinsu, don haka shago Auta za ta fara sauka, Inna ma tun hantsi ta zo ta zauna a kan benci da ledarta a cinya.

Wajen azahar Auta ta yi sallama ta shigo, jaka a kafaɗa, siririya kamar yadda Allah ya yi ta. Inna ko amsa gaisuwar ba ta gama ba ta kama haɓar 'yarta ta juya ta hagu, ta juya ta dama.

"Ke, ina kumatun?"

"Waɗanne kumatu, Inna?"

"Waɗanda na gani ranar Laraba da idona. Me ya same ki a kwana uku? Kada ki ɓoye min."

Auta ta rantse ba ta yi ko ciwon kai ba, nauyinta na bara shi ne na bana. Inna ta ce ita ba yarinya ba ce, ga Babanku nan shi ma ya gani, fuska kamar faranti. Auta ta dubi uwar, ta dubi uban da ya yi tsuru, sannan ta dubi allon. Ta ja kujera ta zauna, ta buɗe wani hotonta na ranar gama makaranta da ke cikin laftof ɗin, sai ga wata mata mai faɗi sanye da fararen kaya tana murmushi. Dariya ta kama ta har da riƙe ciki.

Ta shiga saitin allo, ta buɗe jerin lambobi, na sama duka shi ne 1920 da 1080. Ta yi musu bayani yadda za su gane: hoto ɗigo-ɗigo ne aka jera, allon nan yana da gurbin ɗigo dubu uku da ɗari huɗu da arba'in a faɗi, amma abin da ke iso masa daga laftof bai kai dubu biyu ba, shi kuwa ba ya son barin fili, sai ya ja hoton ya miƙe shi gefe da gefe kamar yadda ake jan roba. Ta zura hannu bayan allon ta lalubo kebul, ta biyo shi har zuwa 'yar adaftar da ta tsufa ta yi ja. Ta ce wannan ba za ta iya ɗaukar fiye da haka ba, ba don irin wannan allo aka yi ta ba. Sai ta daina dariya, ta juyo a hankali.

"Baba, ina kebul ɗin da ya zo a cikin kwali?"

Ya sunkuya ya jawo durowar ƙasa. Ga shi nan kwance a ledarsa, tsakanin takalmi da tocila. Inna ta tafa hannu ta ce ai ga irinta nan, wata rana mutumin nan sabon numfashi ma ajiye shi zai yi.

Auta ta yage ledar, abin da ya sa uban ya ɗan runtse ido. Ta cire tsohon da adaftarsa, ta jona sabon kai tsaye a ƙaramar kafar da ke gefen laftof. Allon ya yi baƙi ƙirin, ya ɗan jima, sannan ya dawo. A saman jerin wata sabuwar lamba ta fito, 3440 da 1440, ta danna ta. Komai ya tsuke ya koma gurbinsa, haruffa suka fito tar kamar an wanke gilashi, fili ya buɗe a hagu da dama, matar da ke hoton ta koma Autar da suka haifa.

Baba Daidai ya ce ta tashi. Muryar ba irin tasa ba ce, don haka ta tashi ba musu. Ya zauna, ya rubuta arba'in da arba'in, da'ira ta fito. Ya kanne ido ɗaya ya daɗe yana kallonta. Ya ciro zoben tagulla daga aljihun gaba, ya ƙara girman zanen har ya kai girman zoben, ya dubi Auta saboda dokar da ta kafa, ta gyaɗa kai. Ya ɗora shi a fuskar allon a hankali. Layin ya bi cikin zoben ya zagayo, babu inda ya leƙo, babu inda ya ɓuya.

Bai tsaya nan ba. Ya nemo zanen shugabar makaranta na ranar farko, wanda ya matse da hannunsa, ya buɗe. Ƙwai ne a tsaye da siririyar bishiya, sak abin da inji ya yanka masa. A nan ne abin ya sauka a zuciyarsa gaba ɗaya. Ashe ranar nan ƙwai aka nuna masa, ƙwai kuma ya gani. Idon bai taɓa yi masa ƙarya ba ko sau ɗaya, shi ne ma ya fara kama ɓarawon, aka bar jaki ana dukan taiki har mako uku.

Ya ajiye zoben a tebur. Ya zaro sukundireba daga aljihu ya ajiye kusa da shi, ya nuna musu tsanin da ke bayan ƙofa, ya gaya musu abin da ya shirya yi yau da yamma, da dalilinsa. Inna ta san labarin surukinta, don haka ba ta yi masa tsiya ba ko kaɗan, ta dai sa bakin mayafi ta share ido ta ce shi ya sa kwanon abinci ke dawowa da saura. Auta kuwa faɗa ta yi, irin faɗan 'yar da ta tsorata bayan abu ya wuce. Ta ce yana da 'ya ma'aikaciyar jinya amma ya zauna yana auna idonsa da tayar mota, kuma ko ya so ko ya ƙi ranar Litinin za ta kai shi a duba idon, don a tabbatar. Ya ce ya yarda, ko yau ma in ana buɗewa. Mutumin da ya yi mako uku yana tsoron jin sunan likita, yanzu shi ke tambayar ƙarfe nawa za su fita.

Inna ce kawai ta yi asara a ranar. Ta buɗe ledarta ta fito da 'yar hular ulu da saura kaɗan a gama, ta dube ta, ta dubi 'yarta, ta ce allon banza, ya sa ta bar sukari mako uku a kan ƙarya. Auta ta rufe fuska don kunya. Baba Daidai ya miƙa hannu ya karɓi hular, ya sa ta a durowar ƙasa, a gurbin da kebul ya bari, ya ce wannan kam ajiyarta ta halatta, ranarta na zuwa in Allah ya so.

Sannan ya ce su ba shi wuri. Ya sake zana da'irar, ya jera sunan makaranta a kewaye, ya buɗe wa bishiya rassanta yadda idonsa ya ce, lambobin gefe ko kallonsu bai yi ba. Inji ya yi ƙaurinsa ya gama. Ya goge robar, ya manna ta a mariƙi, ya dangwala tawada, ya buga a farar takarda. Ya tashi ya je bakin ƙofa, ya ɗaga ta saitin haske, ya kanne ido ɗaya.

"Daidai," in ji shi.

Daga bayan katako mai gyaran agogo ya ƙwanƙwasa sau biyu, ya ce, "Sannu da dawowa, maƙwabci. In ka gama da tsanin nan a mayar min da abina."